Fatar Jan Sa a Gidan Marke

Madam Raihana ba ta yin jarrabawa a takarda. Tun farkon shekara ta faɗa wa ɗalibanta na sashen girke-girke da yawon buɗe ido cewa kowane rukuni zai fita daga jami'a ya gina abin da za a gani, a taɓa, a ci, kuma a kan wannan aikin, wato furoje, za ta ba da maki. Wasu suka buɗe ɗan wurin abinci a bakin tasha. Wasu suka shirya kai baƙi kallon majema. Ramla, 'yar Tasawa, ta ce ita kilishi za ta yi, amma ba na saye a ƙulle cikin takarda ba. Tana so baƙo ya zo ƙauye ya ga aikin tun daga fiɗa har gashi, ya zauna a tabarma ya ci da zafinsa.

Abokin aikinta Lamine ne, ɗan birnin Maraɗi, dogo mai yawan dariya, wanda bai taɓa kwana a ƙauye ba. Wanda zai koya musu kuwa Gajere ne, wani tsohon mahauci aminin mahaifin Ramla, da ke zaune a Gidan Marke ta wajen Korgom. Tun kaka suke zuwa wurinsa a kan babur, suna nitsewa cikin rairayi suna fitowa. Ya koya musu yadda ake yanyana nama fale-fale har a ga hasken rana ta cikinsa, da yadda ake shanya shi a gadon kara, da haɗin labu: tunkuza, citta, kanumfari, barkono. Lamine ya yanke yatsunsa har ya gaji da ɗaure su.

Da ranar zuwan baƙi ta matso, sai maganar san da za a yanka ta taso. Gajere ƙafarsa ta kumbura, ba zai iya zuwa kasuwa ba.

"Ku shiga cikin kara, inda ake cinikin dabbobi," in ji shi. "Ku nemi dillali, a yi ciniki gaban shedu. Kar ku sai dabba a bakin hanya, ko da kyauta anka ba ku."

Suka tafi wata kasuwa ta wajen Mayahi. Babur ya mace musu a hanya, ba su isa ba sai da rana ta take, kasuwar dabbobi ta fara watsewa. Kafin su kai kara, suka tarar da wani mutum a gindin gawo riƙe da jan sa mai ƙiba, an ɗaure shi da sabuwar igiya. Ramla kuwa kanta na sarawa saboda rana, ta zauna a inuwar wata rumfa tana shan ruwa, Lamine ya je suka yi magana. Daga inda take ta hango mutumin: dogo, da shuɗin rawani, in ya yi dariya ana ganin wushirya. Abin da ta gani ke nan. Ba a jima ba Lamine ya dawo yana murna, ya ce an gama, mai sa ma ya taimaka ya samo musu motar da za ta ɗauka.

Da suka sauke san a Gidan Marke, Gajere ya zagaya shi, ya shafa tozonsa, ya duba hancinsa inda igiya ta ci.

"Wanga san aiki ne," ya ce. "Ya ja amalanke. A kara kunka saye shi?"

"A kasuwa, Baba," in ji Lamine.

Ramla ta ji, ba ta gyara zancen ba.

Ranar da aka sa, da hantsi, motar jami'a ta iso da Madam Raihana da baƙi: ma'aikatan wani otel, da wasu malamai, da wata mata mai shirya tafiye-tafiye. An share fili a bakin gari, an kafa rumfa. Gadajen kara jere cike da nama ja wur, garwashi na ci a gefe. A bayan rumfa an shimfiɗa fatar san an kafe ta da turaku, an ajiye kan da ƙahoninsa a kusa, don Ramla tana so baƙi su ga cewa ba a zubar da komai. Mutanen gari sun taru kallo. Ramla ta ɗaura farin ƙyallen girki a ƙugu, tana bayani. Ta ga Madam Raihana ta gyaɗa kai. Lamine yana juya kilishi a kan wuta yana ba baƙi dariya.

Sai aka ji ƙarar babura.

Sun zo da yawa, mutum biyu uku a kan kowane, da gorori da adduna, wasu da bindigar farauta. 'Yan banga ne na wani ƙauye, tare da mutanen da suka biyo su daga garuruwan hanya. A gabansu akwai wani kakkauran mutum mai jajayen idanu, rigarsa duk datti. Sunansa Mai Nasara. An shiga garkensu an kore shanun noma, wansa Salifu ya fito, ɓarayin suka sassare shi, ya cika a kan hanyar asibiti. Tun daga lokacin Mai Nasara yake bin gari gari yana tambaya, har wani direba ya ce ya sauke jan sa a Gidan Marke.

Bai yi sallama ba. Ya wuce baƙi, ya wuce wuta, ya zagaya bayan rumfa. Ya tsaya a kan fatar. Ya durƙusa ya taɓa tambarin wuta da ke cinya, ya ɗaga kan san ya duba tsagar kunne. Sai ya rungume kan nan da jininsa da ƙudajensa, ya yi wani irin kuka da ya sa mata suka fara ja da baya.

Ya miƙe. "Wa ya kawo shi?"

Gajere ya dogara sandarsa ya matso. "Bawan Allah, zamna mu yi magana. Yaran ga 'yan lakwal ne, ɗalibai, saye sunka yi."

"Na ce wa ya kawo shi?"

Lamine ya ajiye abin juya nama. Har lokacin akwai sauran murmushi a fuskarsa, irin na wanda yake ganin kuskure ne za a gyara da bayani. "Ni ne, Malam. Ni na saye shi a..."

Gora ta same shi a baki. Ramla ta ji ƙarar, kamar an fasa busasshen ƙoƙo. Lamine ya faɗa kan gadon kara, gadon ya karye, nama ya zube cikin rairayi. Kafin ya ɗago, sun rufe shi. Ba a ganin komai sai gorori na hawa suna sauka, da ƙafafu, da ƙura. Wani ya tokare gungumen rumfa, ta rufto kan baƙi, suka fito da rarrafe suna ihu suka nufi mota. Garwashi ya watsu, tabarma ta kama.

"Ku bari! Ɗalibina ne!" Madam Raihana ta kutsa cikinsu tana jan rigunansu. Wani ya juyo ya mangare ta da bayan hannu, tabaranta ya tashi, ta zauna daɓas a ƙasa. Gajere ya ɗaga sanda yana kiran mutanen garinsu da sunayensu, yana cewa su shiga tsakani. Wasu suka matso, suka ga bindigogi, suka tsaya. Wani saurayi cikin 'yan bangan ya doki kumburarriyar ƙafar tsohon, ya kife.

Suka ja Lamine ta ƙafa zuwa tsakiyar fili. Farar rigarsa ta koma ja. Suka ɗaure hannuwansa ta baya da igiyar da aka jawo san da ita. Mai Nasara ya tsuguna ya damƙi gashinsa ya ɗaga kansa.

"Ina sauran shanun? Su wa kunka je da su? Kai ka sare Salifu?"

Lamine ya buɗe baki, jini ya zubo da gutsuren haƙori. Muƙamuƙinsa ya goce, maganar ba ta fita. Yana ƙoƙarin cewa wani abu, sai gurnani.

"Ya ƙi magana!" in ji wani. "A kawo taya!"

Ramla tana tsaye inda take tun farko, wuƙar yanyana nama a hannunta, ba ta ma san tana riƙe da ita ba. Ta ga an mirgino tsohuwar tayar amalanke. Ta ga wani ya kwance robar tankin babur yana tsiyayar esansi, wato fetur, cikin galan. Warin ya zo mata. Ta yar da wuƙar, ta ruga ta faɗa kan Lamine ta rufe shi da jikinta.

"Wallahi saye munka yi! Ina wurin! Ku kai mu jandarma, ku kai mu wurin mai gari!"

Aka finciko ta da ɗankwali, gashinta ya tuge, aka jefar da ita gefe. Ta sake tasowa, gora ta same ta a kafaɗa, hannun ya mutu nan take. Tana durƙushe tana haki, ta ga an zura wa Lamine taya a wuya, an tuttula masa esansi. Ya rufe ido yana tari. Mai Nasara ya ce a miƙo masa wuta, wani ya nufi garwashin kilishi da guntun kara.

A nan ta ɗaga kai ta gan shi.

Yana bayan taron, kusa da babura, dogo, da shuɗin rawani. Ba shi da gora. Yana ɗaga wuya yana leƙe, bakinsa a buɗe, ga wushirya. Ramla ba ta tsaya tunani ba. Ta miƙe, ta nuna shi da hannun da ke aiki, ta yi ƙara da duk ƙarfinta.

"Ga shi nan! Ga wanda ya saida muna! Mai shuɗin rawani! Shi ne!"

Fili ya yi tsit. Kawuna suka juya. Mutumin ya waiwaya bayansa ya ga ba kowa, ya dawo da ido kan yatsan da ke nuna shi.

"Ni?" ya ce. "Ni kallo na biyo..."

Da ya tsaya, wataƙila da an tambaye shi. Amma ya ga idanunsu, ya ja da baya, ya juya ya zura da gudu.

Suka bi shi gaba ɗaya. Ya tsallake shingen ƙaya, rawaninsa ya maƙale ya warware, ya shiga gonar gero da aka girbe, kututturan kara suna yankar ƙafafunsa. Wani ya harba bindiga bai same shi ba. Wani ya jefa gora ta harɗe shi, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa a bakin rijiya. Nan suka cim masa. Ramla tana jin muryarsa daga nesa yana rantsuwa, yana kiran sunan Allah, yana cewa a tambayi mutanen garinsu. Ta ga adduna suna walƙiya a rana. Muryar ta yi ƙasa, ta koma wani abu da ba magana ba, sannan ta ɗauke. Duk da haka ba su daina ba.

Ita da Madam Raihana suka cire tayar daga wuyan Lamine. Gajere ya jawo jiki da gwiwa, ya ciro wuƙarsa ya yanke igiyar. Matan gari suka kawo ruwa suna kwara masa don wanke esansi. Direban jami'a, wanda ya kulle kansa da baƙi a cikin mota, ya matso da ita, aka ɗora Lamine a ƙasa tsakanin kujeru, kansa a cinyar Madam Raihana.

Kafin motar ta tashi, mutanen suka fara dawowa daga gona, ɗai-ɗai. Mai Nasara ne na ƙarshe. Addarsa na ɗiga. Ya tsaya gaban Ramla, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Ke," ya ce. "Kin tabbata shi ne?"

Ramla ta dube shi, ta dubi addar. Ta ce, "Shi ne."

Ya gyaɗa kai, ya je ya tuge turakun, ya naɗe fatar ya ɗaure a bayan babur, suka tafi.

Jandarma sun iso bayan la'asar, sun tarar an lulluɓe gawar da tabarma. Sunan mutumin Muddassir, daga wani ƙauye da ke kan hanyar da 'yan bangan suka biyo. Yana gyaran rijiyoyi, wani lokaci kuma yana yi wa mutane jan dabba zuwa kasuwa.

An kwantar da Lamine a asibitin Tasawa, daga baya aka wuce da shi Maraɗi aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya. Idonsa na hagu bai sake gani sosai ba. Ramla ta je duba shi da hannunta rataye a wuya. Ta jira har mahaifiyarsa ta fita alwala, sannan ta sunkuya.

"Lamine, kai ka tsaya kusa da shi a kasuwa. Kai kunka yi magana. Shi ne?"

Ba ya iya buɗe baki. Ta nuna masa hoton gawar da wani ya ɗauka yake yawo a wayoyin salula. Ya daɗe yana kallo da ido ɗaya. Fuskar ba ta dubuwa, babu abin da ya rage da za a gane. Ya ɗaga kafaɗa a hankali, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne.

An kama Mai Nasara da wasu daga cikin 'yan bangan. Sai dattawa suka fara zuwa gidan mahaifin Ramla a Tasawa, daga ƙauyen Mai Nasara da kuma Gidan Marke. Suna zama a zaure, a kawo musu ruwa, su yi gaisuwa mai tsawo. Maganarsu ɗaya ce. Yarinya ta riga ta faɗa gaban jama'a cewa shi ne. Ta maimaita haka gaban hukuma, a san ɓarawo aka kashe, a sassauta wa mutanen da aka tsare, garuruwa su huta. In ta canza baki, dangin Muddassir za su tashi, kuma ba wanda ya san inda abin zai tsaya.

Mahaifinta ya kira ta bayan sun tafi. "Ba ni cewa ki yi ƙarya," ya ce. "Amma ke kin ce kin gane shi."

"Na ga rawani, Abba. Na ga wushirya."

"To ai shi ke nan."

"Mutum nawa ke da shuɗin rawani a kasuwar nan?"

Ya miƙe ya fara naɗe tabarmar baƙi.

Madam Raihana ta zo da kanta ta raka ta ofishin jandarma. Gefen fuskarta har lokacin da sauran shaida. A mota ta ce wa Ramla jami'a ta dakatar da duk wani furoje na ƙauye, kuma ita ma an kira ta ta yi bayanin dalilin da ya sa ta tura ɗalibai sayen dabba ba tare da babba ba.

"Laifin nan da nawa a ciki," ta ce. "Na koya muku yadda za ku karɓi baƙo, ban zauna da ku kan inda nama ke fitowa ba. Kar ki ɗauka ke kaɗai."

Jami'in da ya karɓe su mutum ne mai sanyin magana. Ya sa Ramla ta ba da labari tun daga mutuwar babur har zuwa taya. Bai katse ta ba. Da ta gama, ya jingina da kujera.

"Yanzu tambaya ɗaya. Mutumin da kika nuna, shi ne ya sayar muku da san?"

Ta tagar ofishin tana hango dattawan zaune a gindin bishiyar bedi suna jira.

"Ya yi kama da shi."

"Ban tambaye ki kama ba."

"Daga nesa na ga mai san, kaina na ciwo. Ranar nan kuma za su ƙona Lamine, wuta na tahowa. Na ga dogo mai shuɗin rawani, na nuna shi. Ban sani ba ko shi ne. Har yau ban sani ba."

Jami'in ya ce ta sake faɗa a hankali, ta sake.

Da suka fito, dattawan suka miƙe. Ɗaya ya karanci fuskarta, ya tofar da yawu, ya juya. Sauran suka bi shi ba sallama. Gajere kaɗai ya rage a kan benci, ƙafarsa naɗe da tsumma. An ɗauko shi a amalanke har bakin kwalta, daga nan ya shigo mota.

"Kin faɗi?" ya ce.

"Na faɗi, Baba."

"To. Kar ki zo Gidan Marke bana, ɗiyata. Mutane na da zahi."

An yanke wa Mai Nasara da mutum biyu ɗauri. Dangin Muddassir sun je ƙauyen 'yan bangan da rana tsaka sun ƙona rumbuna, aka sari wani a hannu, sai da aka girke jandarma a tsakanin garuruwan kafin abin ya lafa. Ba a ga sauran shanun ba. Wasu sun ce an taɓa ganin Muddassir da mutanen banza, matarsa kuma ta rantse ranar kasuwar yana cikin rijiya yana yasa. Hukuma ba ta tabbatar da ko ɗaya ba.

Lamine ya bar sashen, ya koma shagon kawunsa. Ramla ta dawo aji bayan hutu. Ranar da aka shiga ɗakin girki aka raba wa kowa nama da wuƙa, ta tsaya gaban nata ta kasa taɓawa. Madam Raihana ta zo ta ɗauke farantin, ta ajiye mata kwanon albasa. Ramla ta ja kujera ta zauna ta fara yankawa.